Hannun Hagun Isuhu

Kun taso kuna jin cewa Baffanku Sabo ne ya kore mu daga babban gida, kuma na lura har yau idan an ambaci sunansa wasunku sukan ɗaure fuska. Ban taɓa gyara muku zancen ba, domin ni ba mai yawan magana ba ne, kuma wanda zai gyara zance sai ya fara da nasa laifin. Yanzu da na ajiye aikin koyarwa, idona kuma ya fara gajiya da ƙananan rubutu, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya riƙe alƙalami. Ba wanda ya kore mu. Ni na fita da ƙafata, kuma dalilin fitar shi ne hannun hagun ɗan'uwanku Isuhu.

Gidanmu na Bebeji gidan karatu ne tun kakanni. Da Malam, mahaifinmu, ya rasu ya bar zaure da akwatunan littattafai, ya bar Yaya Sabo a kan buzunsa. Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya koya mini baƙi da wasali, shi ya kai ni makarantar boko da hannunsa lokacin da wasu dattawan gidan ba sa so, shi ya je nema mini auren mahaifiyarku. Ko bayan da na zama malamin firamare ban daina zama ɗalibinsa ba. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki littafina in zauna a gabansa cikin sauran ɗalibai, ya karanta, ya fassara, ni kuma in rubuta a gefen shafi da fensir mai tsini. Wannan zama shi ne mafi daɗi a yinina. Har zuwa shekarar da nake ba ku labari, ban tuna ranar da Yaya ya faɗi magana na ce masa a'a ba. Ba tsoro ba ne kawai. Ina ganin ya fi ni sani, kuma sau da yawa ya fi ni ɗin.

Isuhu shi ne na biyu a cikinku. Tun yana ƙarami ba ya kallon mutum a ido. A gidanmu yabo abin ya jawo masa, matan gida suna cewa dubi yaron nan da kunya, ubansa sak. Ni ma na ji daɗi, ina ganin na haifi mai ladabi. Sai da ya kai shekara huɗu ba ya cewa komai sai ruwa da a'a, sannan yabon ya fara raguwa. Yakan tattaro totuwar masara ya jera ta a jikin bango daga ƙarama zuwa babba, idan wani ya taɓa ɗaya sai ya faɗi yana buga kansa a ƙasa. Idan maƙwabta suka tayar da injin niƙa sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne a taɓa shi bai ga hannun yana zuwa ba. Ni kuwa da ban san abin yi ba, sai na yi abin da na iya: na sayi littafin rubutu, na shiga rubuta abin da ya ci, abin da ya sa shi kuka, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya yi shiru. Mahaifiyarku ce ta matsa muka kai shi asibiti a Kano. Wata likita ta zauna da shi na tsawon lokaci, ta karanta littafin nawa shafi-shafi, abin da ba wanda ya taɓa yi, sannan ta ce sunan abin otizim. A rediyo na ji ana cewa galahanga, amma ban taɓa kiran ɗana da kalmar ba. Ta ce ba iska ba ce, ba kuma wani ne ya yi masa ba, haka aka halicce shi, kuma zai koyi abubuwa da yawa idan aka gano hanyar da yake bi. Da na kawo wa Yaya wannan bayani sai ya ce likita ta faɗi iyakar abin da ta sani.

Da ya kai shekara bakwai aka ba shi allo kamar kowane yaro a gidan, sai ya ɗauki alƙalami da hagu. A gidanmu ba a rubuta aya da hagu, ba a cin tuwo da hagu. Maganin bahago kuwa sananne ne, an yi wa wasu kafin shi: a ɗaure hannun da tsumma lokacin abinci da lokacin karatu har dama ta saba. Yaya ya ce in yi, na yi. Kun san ni, idan zan yi abu sai na yi shi daidai. Na yage tsohon rawani, na dunƙule masa yatsu, na naɗe tun daga yatsun har wuyan hannu, tam. Ina jiran ihu sai na ji shiru. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya zauna yana kallon hannunsa, numfashinsa ya kwanta. Kafin mako ya zagayo shi da kansa yake ɗauko tsumman ya miƙo mini hannu.

"Ka gani ko?" in ji Yaya. "Jikinsa ma ya san gyara ake yi masa."

Amma dama ba ta koyi komai ba. Riƙon alƙalaminsa da ita kamar riƙon muciya, tawada ko'ina. Kukan kuma ya koma lokacin kwancewa. Duk wannan yana cikin littafina, da rana da lokaci. Na rubuta komai daidai, na fahimci komai a baibai, kuma shekara biyu muka yi a haka.

A daminar da ya cika tara, wani ɗan Yaya ya zo ta bayansa cikin wasa ya rungume shi. Isuhu ya juya ya kai masa hannun nan da ke ɗaure, haƙorin yaron ya faɗo. Gida ya ruɗe. Bayan an lafa, Yaya ya kira ni zaure, ya sa aka ba mu wuri.

"Habibu, yaron nan ƙarfi yake ƙarawa, hankali ba ya ƙaruwa. Yau haƙori ne, gobe ido ne. Akwai wani mutum a wani ƙauye gaba da Doguwa, yana riƙe irinsu ya yi musu magani. Idan an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, za a kai shi ya shekara a can."

"To, Yaya."

Da na shiga ciki na tarar da mahaifiyarku tana tankaɗe. Na faɗa mata, ba ta ɗaga kai daga rariyar ba.

"Shekara guda, Malam? Yaron da ba ya cin tuwo sai a kwanonsa? Wa zai san haka a can?"

"Zan rubuta musu komai."

"Ka rubuta. Ai ka iya rubutu."

Daga baya na bincika a ɓoye wurin wani direba da ke bin hanyar Doguwa, ya ce mutumin ba mugu ba ne, amma duk wanda ya ƙi zama wuri ɗaya mari ake sa masa a ƙafa. Wannan ban rubuta ba, ban kuma gaya mata ba.

Ana nan sai wata ranar kasuwa mahaifiyarku ta aike ni sayen nama, ta ce in tafi da shi ta samu ta yi wanki. A lokacin ya iya ɗaure hannunsa da kansa, yana jan tsumman da haƙori, kuma ba ya yarda ya fita sai da shi. Muka tsaya a rumfar wani tsohon mahauci da ake kira Baba Ɗan'azumi, gajere mai faɗin ƙirji da karyayyen hanci. Na daɗe ina sayen nama a wurinsa, amma maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa da ciniki ba. Ranar sai ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallon Isuhu.

"Malam, wa ya ɗaure wa yaron nan hannu?"

"Shi ya ɗaure da kansa, Baba. Gyara muke yi masa, bahago ne."

Ya yi dariya har sai da ya ajiye wuƙar.

"Gyara? Ku malamai akwai ku da abin mamaki. Mu a dambe bahago nemansa muke ruwa a jallo. Ni da kake gani bahago ne, na yi ƙuruciyata ina dambe daga nan har Tudun Wada, ba wanda ya kara da ni ya kwana da daɗin haƙarƙari."

Ya goge hannu ya fito daga rumfar. Na buɗe baki zan ce kada ya taɓa shi, sai na ga ba shi da niyya. Ya tsuguna a gabansa da ɗan nisa, ya buɗe tafinsa, ya ɗaga shi a hankali yadda Isuhu zai ga tahowarsa, ya tsaya yana jira. Isuhu bai ja da baya ba.

"Ka ga inda yake kallo? Kafaɗata. Yara sai in shekara ina faɗa musu su daina kallon ido, ido ƙarya yake yi, kafaɗa ce take gaya maka naushi na zuwa. Wannan da abinsa ya zo." Ya dubi tsumman da kyau. "Kuma ɗaurin nan ba na mai son a kwance shi ba ne. Daɗinsa yake ji. Ka kawo mini shi bayan la'asar."

Ku da kuka taso kuna kallon dambe a waya ba za ku gane nauyin wannan magana ba. A wurinmu dambe na mahauta ne, su da kalangunsu. Ɗan gidan malamai ko tsayawa kallo ya yi sai an yi maganarsa. Na dawo gida na buɗe littafina na bi shi daga farko, sai na ga abin da mahauci ya gani cikin kallo ɗaya yana kwance a rubutuna shekara biyu: duk ranar da ɗaurin ya yi ƙarfi yaron ya fi natsuwa, ko an ba shi allo ko ba a ba shi ba. Bayan kwana biyu na kama hanya da shi.

A bayan gidan Baba Ɗan'azumi akwai wata darbejiya da aka rataya wa buhun yashi, nan samari kaɗan suke taruwa. Abin da ya fara kama Isuhu shi ne komai a jere yake, kuma jerin ba ya canzawa. Da an zo sai a gaida kowa da sunansa, a fara daga babba. Sannan a wanke hannu. Sannan Baba ya naɗa tsumma, ya bi shi da zare, wata siririyar igiya da ake zagaya dunƙulen hannu da ita har ya yi tauri. Sannan tsayuwa: hannun dama a miƙe gaba, tafi a buɗe, na hagu a ja shi baya.

"Wannan na gaba shi ne katangarka," in ji Baba. "Duk wanda yake bayan katanga ba ruwanka da shi. Wanda ya tsallako, shi ne naka."

Na zauna a kan wani turmi da aka kife ina kallo, na gane abin da Isuhu ya samu. Duk rayuwarsa mutane suna zuwa masa ta ko'ina, ta baya, ta gefe, da hannu da murya, ba sanarwa. A nan mutum ɗaya ne, ta gaba yake zuwa, sai an ce a fara yake farawa, da an ce a tsaya ya tsaya. Abin da sauran samari suke gajiya da shi, maimaita naushi ɗaya a jikin buhu har rana ta yi sanyi, shi ne abin da Isuhu ya fi so. A mako na biyu Baba ya kafa masa doka, ya sa shi ya maimaita: in ba zare, ba naushi. Da ita ya dawo gida a bakinsa, tun daga bayan kasuwa har ƙofar ɗaki. Bayan 'yan kwanaki wani yaro ya ja masa riga a tsakar gida. Na ga ya dubi hannunsa, ya ga ba zare, ya je ya jingina da bango yana huci har ya huce. Tun daga ranar bai sake dukan kowa a gida ba. Kalangu ne ya so ya ɓata abin, don ranar farko da ya ji shi kusa ya toshe kunne ya durƙushe. Sai Baba ya sa makaɗin ya koma can bakin hanya inda da ƙyar ake jinsa, kowane mako ya matso kaɗan, har aka kai ranar da yake kaɗawa a gindin darbejiyar Isuhu yana ta dukan buhunsa.

Yaya bai san komai ba. Idan ya tambaya nakan ce muna zagayawa fadama ne yaron ya sha iska. Ƙarya ce, kuma ni na yi ta, wata uku. Mahaifiyarku ta sani, ita take wanke tsumman ta shanya shi a cikin ɗaki. Ina ta shirya yadda zan faɗa wa Yaya, har na rubuta maganar a takarda sau biyu, amma kullum na zauna a gabansa sai bakina ya ƙi. Gero ya nuna aka yanke, dawa ta biyo baya, ni ina kallon rumbu yana cika.

Isuhu ne ya tona ni. Wata safiyar Alhamis zaure ya cika da ɗalibai, Yaya yana tsakiyar fassara, sai ga shi ya shigo. Bai taɓa shiga zaure ana karatu ba. Ya wuce kowa ya je gaban Yaya ya tsuguna.

"Baffa Sabo, ina kwana."

Yaron da bai taɓa gaida kowa a gidan ba sai an tilasta shi. Na ga fuskar Yaya ta yi haske. Sai Isuhu ya miƙe, ya dunƙule hannun hagu, ya ɗaga ya jinjina masa, yadda samari suke yi wa Baba Ɗan'azumi.

"Lafiya lau, Isuhu. Wa ya koya maka gaisuwa?"

"Baba Ɗan'azumi."

"Wane Ɗan'azumin?"

"Mahauci. In ba zare, ba naushi."

Yaya ya rufe littafi a hankali, ya sallami ɗalibai. Muka rage ni da shi.

"Tun yaushe?"

"Wata uku, Yaya."

"Wata uku kana zama a gabana kullum, kana ce mini fadama." Ya ajiye littafin a gefe. "Jibi Asabar mota za ta zo."

"Ba za a kai shi ba, Yaya."

Muryata ta fita ƙarama har sai da ya ce in maimaita. Na maimaita. Na zaro littafin rubutuna daga aljihu, na karanta masa yadda yaron yake kafin wata ukun nan da yadda yake yanzu, kwana-kwana. Na faɗa masa maganar mari. Ina so ku riƙe wannan: ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba ko sau ɗaya.

"Na ji," ya ce. "Gaisuwar ma na gani da idona. A bar maganar Doguwa. Amma dambe ya ƙare daga yau. Ba zan zauna a buzun Malam ina karantar da mutane da safe ba, da yamma a ce jikan Malam yana bayan kasuwa ba riga ana yi masa kalangu. In ɗaurin yake so, ka ɗaure masa a gida."

Kun san abin da na ce? Na ce to. Na ga ya sauko mini da rabi, na ji kunyar in nemi saura. Na shiga ciki ina ganin na yi nasara. Da la'asar ta yi Isuhu ya ɗauko tsummansa ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce yau ba zuwa. Ya ci gaba da tsayuwa har magariba. Washegari ma haka. Na ɗaure masa hannun da kaina, tam, yadda yake so, ya kwance ya jefar, domin ba a gaida kowa ba, ba a wanke hannu ba, ba buhu. A rana ta huɗu ya koma buga kansa a bango, abin da ya yi watanni bai yi ba, har goshinsa ya fashe. Mahaifiyarku ta riƙe shi tana danna masa tsumma a wurin, ta ɗago ta dube ni. Na fita na je bayan kasuwa na nemi gidan haya mai ɗaki biyu. Da safe na jira aka tashi daga karatu.

"Yaya, zan tashi."

"Na kore ka ne?"

"A'a, Yaya. Amma in na zauna, kullum za ka faɗa, kullum zan ce to."

Ya dafa littafin da ke gabansa.

"Karatun fa? Saura babi uku mu sauke littafin nan."

Ya ce zaure a buɗe yake, duk ranar da na ga dama in zo. Da gaske yake. Ni ne na kasa. Ranar farko na ce sai kurar ta lafa, kwana ya zama mako, mako ya zama wata, kowace rana da ta wuce tana ƙara wa komawar nauyi. Muna gaisawa a masallaci da wurin suna da jana'iza, amma zaman nan na asuba ya tafi. Nakan buɗe littafin ni kaɗai a ɗakin haya, in ci karo da kalma, in ɗaga kai ba wanda zan tambaya. Sa'ad da na yi ƙarfin halin komawa shekaru sun wuce, idonsa ya yi rauni, ya miƙa wa ɗansa buzun. Babi ukun nan ni kaɗai na karanta su, kuma na san ban fahimce su yadda zai fahimtar da ni ba. Mahaifiyarku ita ma ta biya nata. Ta bar matan da ta saba daka da hira da su, ta koma unguwar da ba ta san kowa ba, kuma a gidan biki sai da aka daɗe ana kiranta uwar ɗan dambe, ba don yabo ba. Cewa take yi gara haka da a ce da ita uwar wanda aka kai Doguwa.

Da kaka ta zagayo aka shirya dambe a Dangora, aka ce yara za su fara kafin manya. Baba Ɗan'azumi ya ce Isuhu ya isa. Na sa babbar rigata na bi su, karo na farko da ƙafata ta taka filin dambe. Ina neman inda zan raɓe wani mai rake ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wa'azi aka zo yi mana? A bari a tashi tukuna."

Aka haɗa shi da wani yaro daga Kiru da ya ɗan fi shi tsawo. A dambe kowane zagaye turmi ake ce masa, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Turmin farko Isuhu ya tsaya kamar an dasa shi, na gaba a miƙe, idonsa a kafaɗar yaron, har mutane suka fara tambayar bahagon nan na wane gida ne. A turmi na biyu yaron ya same shi a gefen ido, Isuhu ya kai gwiwa ƙasa. Fili ya ɗauki ihu, kalangu ya tashi, ni kuwa na yunƙura ina jiran ya toshe kunne ya faɗi yana birgima a gaban duniya. Sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa, ya je ya ba yaron hannu, ya dawo wurin Baba ya miƙa a kwance masa zare.

"Gobe bayan la'asar," ya ce.

"Gobe bayan la'asar, bahagona," in ji Baba.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Kun ga shekarun da ba a son haɗuwa da shi daga Burumburum har Tudun Wada, kun ga yadda ya koyi rubutu da hagunsa cikin 'yan watanni da muka ƙyale shi, kun ga rumfarsa da yadda mata suke aiko yara musamman don yankansa ba ya bambanta. Yau shi yake naɗa wa yara zare a gindin darbejiyar nan, kuma iyaye biyu sun kawo masa 'ya'yansu masu irin halinsa. Har yanzu ba ya son hayaniyar biki, har yanzu sai a kwanonsa yake cin tuwo. Ban ce ya warke ba, don ba ciwo ne da shi ba. Ya dai sami inda zai tsaya.

Amma akwai abu ɗaya da ba ku sani ba, don ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da muka tashi, Isuhu bai fasa zuwa babban gida ba. Doka ta ce a gaida manya, a fara daga babba, kuma a wurinsa Baffa Sabo ne babba ko a wace unguwa muke kwana. Kullum da safe sai ya ratsa gari ya je ya tsuguna ya jinjina ya dawo. Washegarin Dangora idonsa ya kumbura ya yi baƙi, na so in hana shi na san ba zai hanu ba. Sai na bi shi daga nesa, ina tsoron abin da Yaya zai ce. Na tsaya a jikin katangar maƙwabta, inda nake hango cikin zauren ba a hango ni. Ɗalibai suna zaune. Isuhu ya gaishe shi, Yaya ya amsa, sannan ya ɗan sunkuyo.

"Me ya sami idonka?"

"An kashe ni a turmi na biyu."

"A ina?"

"Dangora."

"Da wane hannu ya same ka?"

"Dama."

"To ai kai ka sauke na gaba. Bahago in ya sauke na gaba ya buɗe wa mutum hanya. Tashi in gani."

Isuhu ya tashi ya gyara tsayuwa. Yaya ya girgiza kai, ya ajiye littafi a kan buzu, ya miƙe. Ya tattare hannun rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya ja ƙafa ɗaya baya, ya ɗan rusuna, ya miƙa tafinsa daidai haɓa. Shekara guda na yi ina zama a gindin darbejiya, na san tsayuwar wanda ya iya da ta wanda yake kwaikwayo. Ɗalibai duk suka sunkuyar da kai a kan littattafansu kamar ba sa gani.

"Nan za ka riƙe shi. Ko ka gaji, nan."

"Ko na gaji, nan," in ji Isuhu.

Yaya ya saki rigarsa ya zauna, ya ɗauki littafi, ya ci gaba da fassara daga inda ya tsaya. Ni kuwa na juya na koma gida da sauri kada Isuhu ya fito ya gan ni ya gaishe ni da ƙarfi.

Har yau ban tambayi Yaya inda ya koyi wannan tsayuwa ba. Yana nan a zaure kullum da hantsi, ido ya tafi amma kunne garau. Ku da ba ku gaji kunyata ba, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi.